Ina kera karamar motar sulken Jamus Sd.Kfz. 222 da kwano, ga yanda aikin ke tafiya

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Toh jama'a bismillah, an fara. Wannan karon motar sulke ce ta Jamusawa ta lokacin yakin duniya na biyu, Sd.Kfz. 222, mai taya hudu, kuma da fallen kwano zan kera ta ba roba ba. Ma'aunin daya bisa goma na dauka sbd lissafin yafi zuwa da sauki. Ainihin motar tsawonta mita 4.8 ne, fadi mita 1.95, tsayi wajen mita 2, kunga tawa zata zama santimita 48 a tsawo, fadi 19 da rabi, tsayi 20. Abun da ya kara min dadi shine karfen gefenta milimita 8 ne, idan ka raba goma ya zama 0.8, kuma akwai kwano mai daidai wannan kaurin a kasuwa, na siyo rabin falle yau da dalma da sabon almakashin yankan kwano.

Ga wanda bai san dangin ba, su uku ne suka fi suna. Akwai 221 wacce ita ce ta farko, mutum biyu ke ciki, mashinga daya tak gareta, an kera 339 tsakanin 1935 da 1940. Sai 222 dinnan tawa, mutum uku, an dora mata karamar igwa mai bakin santimita 2 da mashinga a gefe, ita aka fi kerawa, kusan 990 har zuwa 1943. Sai 223 ta rediyo, wacce zaka gani da wata katuwar eriya mai kusurwa hudu ta zagaye samanta, ana iya kwantar da ita baya. Akwai ma 260 da 261 wadanda ko bindiga ba'a dora musu ba, rediyo ne kawai aikinsu. Ni 222 ce ta shiga raina sbd bindigar da kuma ragar karfen da ke rufe saman gidan bindigarta.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Satin nan kwali kawai nake yanka. Duk wanda yaga hoton motar nan zaice ai akwati ce mai sauki, wallahi ba haka bane, a duk jikinta da kyar ka samu fuska daya da ta tsaya a mike. Rabin bodin na sama ya karkata ciki yana hawa, rabin kasa shima ya karkata ciki yana sauka, sun hadu a tsakiya sunyi wani kaifi da ya zagaye motar, sannan gaba ya tsuke, baya wajen injin shima ya tsuke ya gangara. Ma'ana kowane falle yana haduwa da makwabcinsa a kusurwa biyu lokaci daya, idan daya ya kauce da milimita guda to sauran duk sai sun nuna maka.

Kuma ba don kwalliya suka yi hakan ba. Milimita 8 fa kaurin wayar dake hannunka ne yanzu haka, shikenan abun da ke tsakanin mutum da harsashi ta gefe. Dabarar karkatarwan ita ce harsashin bindiga idan ya zo ya sameta a kaikaice ya zame, ko kuma ya zamana karfen da zai ratsa yafi tsawo. Gaba ne kawai suka dan kara, milimita 14.5, daga baya a 1942 suka maida shi 30. Iyakar abun da aka gina ta ta tare kenan, harsashin bindigar hannu da na mashinga da tarkacen bam. Bindigar fasa sulke irin Boys ta sojan Ingila ko PTRD ta Rasha mai milimita 14.5 duk suna huda ta, balle ayi maganar igwar tanka. Nauyinta gaba daya tan 4.8 ne. Tun daga kwalin nan na fara gane cewa wadanda suka zana ta basu taba nufin ta tsaya ayi dauki ba dadi da ita ba, aikinta ta wuce gaban runduna ta leko inda abokan gaba suke, ta kirga, ta aika sako, in an ganta kuma sai kafa me naci ban baki ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na kai kwalayen da kwanon wajen wani dattijo dake kera akwatunan karfe da mazurari a bakin kasuwa, tun ina yaro nake tsayawa kallon aikinsa. Ya juya kwalin ya sake juyawa yace yaro wannan wace irin mota ce babu gilashi. Nace Baba ta yaki ce, ta wasu yan kananan tagogi masu murfin karfe direba yake lekawa. Yace to Allah ya kyauta, miko almakashin. Shawararsa ita ce kar na yanka kowane falle daban, na hada uku uku a jiki daya na karce layin da kusa sannan na lankwasa akan bakin karfe, hakan zai rage yawan dinki kuma gefen zai fito da kaifi. Na fito da abun auna kusurwa yayi dariya yace ido ba mudu bane amma yasan kima, ya lankwasa na farko da hannu, na auna, daidai.

Dalma muka yi amfani da ita ba walda ba, kwano mai 0.8 wuta tana taba shi zai huje ko ya murde. Rabin sama ya hadu kafin la'asar. Ya hana ni biyan komai, sai goro na siyo masa.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Kasan mota. Anan ne Jamusawa suka nuna halinsu na son abu mai wuya. Casis din na kamfanin Horch ne, wanda ke karkashin Auto Union a garin Zwickau, asalinsa na wata babbar motar soja ce aka juya shi injin ya koma baya don a samu fili a tsakiya wa bindiga da mutane. Injin fetur ne V8 mai lita 3.5, karfin doki 75, daga baya suka kara shi zuwa lita 3.8. Duk tayoyin hudu suna ja, kowace taya da sifirin dinta daban bata jiran yar uwarta, kuma a na farko farko har tayoyin baya suna bin sitiyari idan direba ya so, don ta iya juyawa a matsattsen wuri. A kwalta tana kai kilomita 80 a awa, tanki daya ya kaita wajen kilomita 300. Bodin kuma wasu kamfanoni ne daban ke hadawa, irinsu Schichau a Elbing da MNH a Hanoba.

Ni dai nawa tayoyin gaba kadai zasu juya, na baya na kashe su, babu wanda zai leka. Tayar ce ta bani ciwon kai, ina bukatar mai fadin kusan santimita 9 mai manyan hakora, na zaga wajen masu kayan wasan yara duk wadanda na gani ko sunyi fadi da yawa ko kyalkyali ya musu yawa. A karshe wani kafinta mai injin gurza katako ya fitar min da guda biyar daga guntun madaci, hudu da safaya daya wacce ake makalawa a gefen motar, ni kuma na yanka robar tsohon tiyub kanana kanana ina mannawa a matsayin hakora. Aiki ne na mai hakuri, ina yi ina sauraron rediyo.

Duk wannan fasahar fa a Foland a 1939 da Faransa a 1940 ta yi musu rana sbd akwai hanyoyi masu kyau. Da suka shiga Tarayyar Sobiyet a 1941 ruwa ya sauka hanya ta zama tabo, sai taya hudu ta kasa, ga kayan kasan masu yawa masu saurin lalacewa. Shi yasa suka dauki irin gidan bindigarta suka dora akan mota mai taya a gaba da sarka a baya, Sd.Kfz. 250/9, ita ta karbi aikin, aka daina kera 222 a 1943. Abun mamaki su Rashawan da suka kama wasu basu raina siffar ba, in ka kalli BA-64 dinsu zaka ga jinin 222 a jikinta.

Lahadi, 8 ga Disamba

Ba'a taba komai ba satin nan, biki a gida, ga wuta da aka dauke tun Alhamis kuma abun narka dalmata na lantarki ne.

Asabar, 21 ga Disamba

Yau ranar bindiga ce, kuma kuyi hakuri zan dan ja zance sbd nan ne zuciyar aikin.

Igwa iri biyu aka dora wa motar nan a rayuwarta. Ta farko KwK 30, wacce asalinta bindigar harbo jirgi ce FlaK 30 ta kamfanin Rheinmetall aka rage mata tsawo aka shigar da ita mota, ita ce ma akan tankar Panzer II. Ta biyu KwK 38 wacce kamfanin Mauser suka gyara, harsashi iri daya suke ci, bambancin shine sauri, ta farko tana zuba kusan 280 a minti ta biyun kuma sama da 400. Tunda ni motar farkon 1941 nake yi, wacce ta sauka Libiya, KwK 30 ce tawa.

To amma kar 280 dinnan ta rude ka. Magazin dinta harsashi 10 yake dauka. Yi lissafi da kanka, idan ka danne kunama baka saki ba cikin dakika biyu da dan kadan ka gama da shi, sai an cire an saka wani. Duk abun da motar ke dauke da shi harsashi 180 ne, magazin 18 kenan. Ga wuri a matse, mutum biyu a cikin gidan bindigar, kwamanda yana lekawa waje yana bada umarni kuma dole ya taimaka da lodi. Ni a ganina wannan kadai ya isa ya nuna maka menene amfanin igwar, a dan watsa wuta biyu uku a sa mutane su kwanta ko a tarwatsa motar sintirin abokan gaba, kafin su dago an juya an tafi. Harsashinta na fasa sulke yana ratsa wajen milimita 20 a nisan mita 100, ya isa ga motocin sulke irinta da kananan tankoki na farkon yaki, amma a gaban tankar Matilda ta Ingila ko T-34 ta Rasha sai dai a bata musu fenti. Akwai kuma harsashi mai fashewa na mutane da manyan motoci. Mashingar dake gefenta MG 34 ce, mai harsashi milimita 7.92, ita kam tana zuba 800 zuwa 900 a minti, kuma ina kyautata zaton ita tafi shan aiki yau da gobe.

Wani abu da mutane da yawa basa lura da shi a hoto, bindigar ba'a jikin gidan take rataye ba. Akwai wani ginshikin karfe da aka kafa a kasan motar a tsakiya, akansa igwa da mashinga da kujerun mutum biyu suke, gaba daya suke juyawa tare. Kuma ana iya daga bakinta sama sosai kusan a tsaye don harbin jirgi, gadon da ta dauko daga uwarta FlaK 30 kenan. Don haka nima haka nayi, na dasa guntun bututu a kasan bodin, na zura wani a ciki yanda zai juya.

Hancin igwar tsawonsa sau 55 na fadin bakinta, mita 1.1 kenan, nawa santimita 11. Eriyar tsohuwar rediyo na samu wajen mai gyara, gabobin nan nata da ke shiga cikin juna sun bani kauri daban daban ba tare da na gurza komai ba, siririn a gaba mai kaurin a gindi. Mazurarin bakin, wanda ke rage walkiyar wuta, shi na nada da guntun gwangwanin madara na huda masa kananan ramuka da allura. Rigar MG 34 mai ramuka ita ta kusa makantar dani, a wannan ma'aunin kowane rami bai kai milimita biyu ba, na jera su layi layi da hasken tocila a baki.

Af, kafin na manta, wani ya tambaye ni game da 221 da ya gani da doguwar bindiga. Eh akwai, ita ce sPzB 41. Da suka ga mashinga kadai bata isa ba sai suka yanke gaban gidan bindigar wasu 221 suka dora ta. Bindiga ce mai ban mamaki, ramin hancinta daga gindi milimita 28 ne amma yana tsukewa har ya koma 20 a baki, harsashin yana matsewa yana fita da gudun kusan mita 1,400 a dakika. Matsalarta sai da karfen tungusten ake yin zuciyar harsashin, Jamus kuma bata da shi isasshe, a 1943 aka daina kera ta. In Allah ya kaimu wata rana zan yi wannan din ma.

Alhamis, 26 ga Disamba

Gidan bindiga ya hadu. Fuska goma gare shi, na 221 kuma bakwai, ta nan ma kana iya bambance su daga nesa. Sama a bude yake babu rufi, sai raga mai firam guda biyu da ke budewa hagu da dama. Amfanin ragar gurneti, kar wani ya labe a bene ko bayan katanga ya jefo musu ciki. Budewar kuma don kwamanda ya ga ko'ina da idonsa ya kuma ji da kunnensa, wanda ga mai leken abokan gaba yafi masa rufin karfe amfani, ga kuma daga bindiga sama. Amma ka tuna ruwan sama, sanyin Rasha, ranar hamada da yashi duk akansu suke karewa, sai dan tamfol da suke yafawa.

Ragar sauro ta taga na fara gwadawa, idonta yayi fadi, motar ta koma kaman abun wasa. Matatar shayi ta karfe ce ta dace, na siyo manya guda biyu na yanke, na bi gefen da siririyar waya na dalmace, har da yan kananan hinjis yanda zata bude ta rufe. Uwargida ta gani tace wato dai har kayan kicin an fara shiga, nace Hajiya ai sababbi ne na siyo, naki na nan.

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Fitilu, madubi, murafan tagogi, kofofin gefe biyu na kasa, akwatunan kaya akan mudgad, salansa a baya. Kananan abubuwa ne amma sun cinye hutun gaba daya. Na shafa fila a wuraren dinki na bi da samfefa mai laushi, ban goge duka ba sbd ainihin motar walda ce kuma layin waldan yana fitowa a jiki.

Asabar, 18 ga Janairu

Fenti. Motar da nake kwaikwayo ta bataliyar sintiri ta 3 ce, wadanda suna cikin sojan Jamus na farko da suka sauka tashar jirgin ruwan Tarabulus ranar 14 ga Fabrairu 1941, kwana biyu bayan kwamandansu Janar Romel ya iso. An turo su ne don ceto Italiyawa da sojan Ingila suka fatattako daga Masar har cikin Libiya. Gaggawar tayi yawa har ba'a tsaya sake fenti ba, motocin sun sauka da launin toka mai duhu irin na Turai, mai lambar fenti RAL 7021, wanda a cikin farin yashi daga nesa ake hango shi. Sai sojojin suka rika kwaba kasa da ruwa suna shafe motocin da ita. Umarnin fentin hamada, ruwan kasa mai rawaya RAL 8000, sai a watan Maris ya fito. Kafin karshen Fabrairun ma har sun ci karo da masu sintirin Ingila a yankin El Agheila, kuma ranar 24 ga Maris suka kwace wurin. A hamada motar ta fi samun kanta akan Rasha, in dai kasa ce mai tauri da tsakuwa tana gudu, yashi mai laushi ne ke rike ta, ga injin dake shan zafi da kura.

Wani abu da ya shafe mu anan, da yawa daga jiragen Ingila da ke farautar irin wadannan motocin ta kanmu suka wuce. A Takoradi ta Ghana ake hada su, su tashi su biyo Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yanzu, su ratsa Sudan zuwa Khartum sannan Alkahira.

To ni haka na bi tsarin, na fesa toka mai duhu tukunna na barta ta bushe sosai, sannan na kwaba ruwan kasa da dan tina na shafa da soso ba buroshi ba, ban rufe ko'ina ba, gefuna da wajen hannun kofa da inda takalmi ke takawa na bar tokar tana lekowa. Sai dai hunturu ya min shisshigi, na fesa a tsakar gida iska ta taso da kura ta manne a fentin tun yana danye. Na tsaya ina kallo raina a bace, can na lura ashe gefen da kurar ta kama yafi daya gefen kama da hotunan. Na barshi, har na debo rairayi na tankade na kara a tayoyi da kasan bodi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Jarkoki. Duk hoton motar nan a Libiya zaka ganta dauke da jarkokin karfe masu lita 20, wadannan masu hannu uku a sama, kirar Jamusawa ce tun kafin yakin kuma sojan Ingila da suka ga ingancinsu suka rika kwashe duk wacce suka samu, daga baya suka kwaikwaya. Na ruwan sha ana zana musu farin kuros a jiki don kar a hada da fetur. Na sassaka guda daya da katako, nayi mata gurbi da sabulu, ina zuba fila ina fitar da sauran, shida nake so, hudu sun fito.

Lamba na rubuta da hannu, WH a gaba kaman yanda motocin sojan kasa suke, da bakin kuros mai farin gefe. Tambarin rundunar Jamus ta Afirka kuwa bishiyar dabino ce da alamar Nazi a tsakiyarta, dabinon zan zana amma alamar bazan saka ba. Injiniyancin motar nake sha'awa, gwamnatin da ta aike ta kuwa ta kashe miliyoyin bayin Allah, kuma abun nan a falo zai zauna inda yara ke gani.

Abun da ya rage yanzu cikin motar ne, tunda sama a bude take komai ana gani, kujerar direba da sitiyari, ma'ajiyar magazin a bango, da karamar rediyo. Cikin fari mai dan rawaya zan yi amma bangon gidan bindigar na ciki toka zai zama sbd jirgi na iya hangowa daga sama. Mutanen ukun ne ban yanke shawara ba tukunna, a ma'aunin nan kowane daya sai ya kai santimita 17, ko na sassaka da katako ko na barta babu kowa. Ginshikin bindigar ma yana dan cijewa idan na juya shi hagu, gobe zan kwance na saka masa dan giris na gani.